Gorar da Na Hana Kawu

Shekaranjiya wani fasinja ya shiga motata a garin Landover, nan Amurka, da sandar kamun kifi a hannu, takalmansa duk laka. Kafin ya rufe ƙofa warin ya riga ya iso gaba: lakar bakin ruwa, da ruɓaɓɓiyar ciyawa, da ɗan ƙarni. Ya ba ni haƙuri don zai ɓata mini kujera, na ce babu komai. Da na sauke shi ban buɗe gilashi ba. Na samu gefen titi na tsaya, na zauna cikin warin nan har ya baje. Mai karatu, ni direba ne, karatuna bai wuce firamare ba sai abin da na tsinta a hanya. Akwai laifin da na yi wa wani tsoho, shi nake so in faɗa yadda ya faru.

A wani ƙauye na bakin kogin Kwara, kusa da Yawuri, na tashi. Mahaifina ya rasu ina goye, sai yayan mahaifiyata ya riƙe ni. Kawu masunci ne. Idan damina ta yi nisa ruwa yakan hau fadama ya shiga cikin ciyawar burgu, kifi ya bi shi. A lokacin nan filafilin tuƙa jirgi ba ya aiki, sai gora. Kawu yakan tsaya a bayan kwalekwale, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ya soka gora a laka, ya jingina da ita a hankali, jirgi ya sulale cikin ciyawa kamar ba a taɓa shi ba. Ni ina gaba da birgi, tarun jifa, a kafaɗa. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga gorar da kukan tsuntsaye. Idan na fara surutu sai ya ce, "Kifi na ji, ɗan nan. Rufe bakinka."

A wurinmu ana aron taru, ana aron ƙugiya, har jirgi ana ara. Amma gorar mutum ba a taɓa ta sai ya ce da bakinsa, "Riƙe." Na taɓa ɗaukar ta maƙwabcinmu ina wasa da ita a bakin gaɓa. Kawu bai dake ni ba. Kwana bakwai ya hana ni shiga ruwa, ina zaune wajen mata masu banda, hayaƙi na cin idona, ina kallon jirage na fita.

Da aka kai ni makaranta cikin gari, yara suka sa mini suna mai ƙarni. Ranar da Kawu ya kawo mini bandar tarwaɗa a ƙunshe cikin takardar siminti, na ce wa abokaina ɗan aike ne daga ƙauye. Yana tsaye ya ji. Ya miƙo mini ƙunshin, ya ce in gaida malam, ya juya. Wannan ciwon ya biyo ni har Amurka. A masallacinmu akwai likitoci da injiniyoyi 'yan Kano da Kaduna, mutanen kirki, ba wanda ya taɓa raina ni. Duk da haka idan aka tambayi asalina sai in ce gidanmu 'yan kasuwa ne.

Shekara uku da suka wuce idon Kawu ya lalace, na yi ƙoƙari ya zo aka yi masa aiki. Wata biyu ya yi a ɗakina, hawa na uku. Iyalina suna gida Najeriya, ni kaɗai nake. Ina fita bayan sallar asuba, ba na dawowa sai magariba ta wuce. Yakan wuni a bakin taga da carbi, yana kallon motocin da aka jera a ƙasa. Ba ya jin Turanci, talabijin ba ta dame shi ba. Wata rana ina zuba masa shayi ya ce, "Ɗan nan, garin nan ba su da kogi ne?"

Wani abokin aikina ya gaya mini akwai masu ƙananan jirage a ƙetaren babbar gadar Chesapeake, suna ɗaukar mutum biyu ko uku su shiga da su lungunan fadamar ruwan gishiri, su nuna musu inda kifi yake. Na kira ɗaya, muka sa rana. Zafi ya fara raguwa lokacin, ciyawar fadamar ta soma yin rawaya, shimfiɗe har iyakar gani, ruwa na ratsa ta kamar hanyoyin ƙauye. Kawu ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya yi dariya. "Wannan an riga an sa masa gishiri, saura barkono." Na gaya masa ruwan nan yana janyewa ya dawo sau biyu a rana. Ya girgiza kai ya ce abin da namu ke yi a shekara, nasu na yi a wuni. Tun zuwansa ban ji ya yi magana mai tsawo haka ba.

Mai jirgin wani dattijon Bature ne, rana ta ƙone masa wuya. Ya tambaye ni ko tsohon ya taɓa kamun kifi. Na ce a'a, atamfa yake sayarwa.

Da muka shiga inda ruwa bai kai gwiwa ba, sai ya kashe inji, ya hau wani ɗan dandamali a bayan jirgin, ya zaro wata doguwar gora baƙa, ya soka ta a laka. Jirgi ya sulale cikin ciyawa babu ƙara. Kawu ya ajiye sandar kamun kifin da aka ba shi, ya juya baya gaba ɗaya, yana kallon hannun mutumin da idonsa ɗaya da ya warke. Can ya taɓa gwiwata.

"Roƙa mini shi. Ka ce ko daga nan zuwa waccan kwanar, in riƙe."

Na riga na ce mai atamfa ne. Idan ya tsaya a bayan jirgin nan, ba wanda zai gan shi bai gane ba. Sai na juya na ce wa mai jirgin da Turanci, tsohon yana tambaya ne ko ruwan na da zurfi. Mutumin ya yi murmushi, ya zaro gorar, ya nuna inda ta jiƙe, sannan ya miƙo ta wajen Kawu, har kanta ya kusa taɓa masa kafaɗa. Na ga hannun Kawu ya tashi, ya tsaya a sama, yana jiran in faɗa masa abin da aka ce.

"Ya ce doka ta hana, Kawu. Nuna maka kawai yake yi."

Ya mayar da hannunsa kan cinya. Muka kama kifi biyu masu ratsi-ratsi, ya riƙe su aka yi masa hoto. A hanyar dawowa, muna tsakiyar gada, ya ce, "Mutumin kirki ne. Ban taɓa ganin mai hana abu da fuska irin tasa ba."

Ya koma gida. Bara gwiwoyinsa suka kama, ɗayan idon ma ya rufe, ya daina zuwa bakin ruwa. Abin ya ƙi barin zuciyata, har wata Juma'a na kira wayar 'yarsa, ta kai masa. Na faɗa masa komai, har da maganar atamfa. Na ƙara da cewa tsoro ma na ji kada ya faɗi, ga tsufa ga ciwo. Wannan ma ƙarya ce, na sani tun tana fita daga bakina.

Ya ce, "Na yafe maka tun kan gada." Sannan ya tambaya, "Gorar nan, itace ce ko ƙarfe? Da nauyi?"

Ban sani ba. Ban taɓa ta ba.

Da sanyi ya wuce na sake ƙetare gadar ni kaɗai. Na gaya wa mai jirgin gaskiya muna tsakiyar ciyawa. Ya ce ai tun daga yadda tsohon ya taka cikin jirgi ya gane, shi ya sa ya miƙa masa, da Kawu ya ƙi karɓa sai shi ya ɗauka wani laifi ya yi masa. Ya sauko daga dandamalin ya ce in riƙe. Ba itace ba ce, ba ƙarfe ba, wani abu ne da suke haɗawa a masana'anta. Ta fi ni tsawo sau uku, amma da hannu ɗaya na ɗaga ta.

Daga bakin gaɓa na kira Kawu a waya. Na ce, "Kawu, na riƙe. Ba ta fi karan dawa nauyi ba."

Na ji numfashinsa a waya, da kukan awaki a bayansa.

"To ai da na iya," ya ce.

'Yarsa ta ce yanzu duk jiragen ƙauyenmu inji gare su, samarin ba su ma san yadda ake tsayawa da gora ba. Ni kuma idan aka tambaye ni a masallaci, ina cewa ɗan masunta ne ni, sai a ce madalla a wuce, ba wanda abin ya dama. Iyakar abin da na ɓoye shekara talatin ke nan. Kawu yana nan da rai, muna waya duk Juma'a. Yana tambayar aiki, yana tambayar sanyi. Maganar ruwa kuwa bai sake yi mini ba.