Barcin Ranar Tsoho Lou

Tun yana saurayi Lou Changgeng yake ɗebo wa masu bin tafarkin Tao ruwa a gidan ibadarsu da ke kan dutsen Qingcheng. Bai yi karatu ba, amma ya kwaso abu ɗaya a wurinsu: in jiki ya ce aiki a yi aiki, in ya ce kwanciya a kwanta. Da kukan tsuntsaye yake tashi ya shiga gonar shayinsa. Rana na take tsaka sai ya miƙe a gadon gora ƙarƙashin bishiya, ko gobara ake ba ruwansa. Haka ya tsufa bai san ƙofar asibiti ba.

Sai ga ɗan ƙanwarsa Dehai ya dawo daga birni ya buɗe masauƙin baƙi. Yaron nan ido gare shi kamar na ɗan kasuwar ƙauye, komai ya gani haja ne. Ya ɗauki hoton tsohon yana barci ya watsa a waya. Kafin a ce me, mutanen birni masu fama da rashin barci sun cika tsakar gida, wai sun zo koyon hutu.

"Kawu, tashi ka koma inuwar can, nan hoto ba ya kyau."

"Kai Dehai, ka tashe ni daga barci don in yi barci?"

"Haba Kawu, kwanciya ce fa kawai, ba dutse na ce ka fasa ba!"

Abin takaici, har ƙararrawa Dehai ya rataya, ita ke faɗa wa tsoho lokacin jin barci. Da sanyi ya shigo, lokacin da Lou ya saba lafewa a ɗaki kamar yadda shayinsa ke lafewa, aka riƙa fito da shi da bargo. Wannan wane irin rashin kunya ne? Shi kuwa Lou ya kasa cewa a'a, don Dehai ɗan ƙanwarsa marigayiya ne.

A hankali barcin ya ƙaurace masa. Yakan rufe ido ne kawai, yana jin numfashin mutane a kansa, ƙirjinsa na bugawa. Duk ya rame.

Wata rana wata baƙuwa ta durƙusa kusa da shi ta yi raɗa: "Kaka, don girmanka, mene ne sirrin?"

Ya buɗe jajayen idanunsa ya dube ta.

"'Yata, in kin samo, ki sammini."