Curin Sabulun Yaya

Yayata wanki da guga take yi a wani babban otal, can ƙasan bene, a ɗakin da ba shi da taga sai wata fanka mai kukan tsiya. Ni ma a nan nake aiki, teburina yana kallon nata. Ita ta kawo ni, ita ta koya mini yadda mutum biyu ke ninke zanen gado ba tare da gefensa ya taɓa ƙasa ba. Da ƙuruciyarta ta shiga wurin, a nan furfura ta same ta. Tururi ya dafa mata fuska, ruwan bilic na cire tabo kuma ya cinye zanen yatsunta har suka koma sumul.

Dokar otal ɗin ɗaya ce, kowa ya san ta: ko tsinke ba ya fita. Idan an tashi, sai mai gadi ya zazzage jakar kowa a bakin ƙofar baya. Jakar Yaya kaɗai ba a taɓawa. Da ya hango ta sai ya ce, "Wuce abinki, Iya." Makullin ɗakin ajiyar zannuwa da tawul kuwa a wuyanta yake rataye da igiya, tana kwana da shi tana tashi da shi. Ba ta da gida nata, ba ta da miji tun yaran suna ƙanana. Wannan yardar da aka yi mata ita ce dukan abin da ta mallaka, kuma wallahi tana ji da ita.

Sai dai akwai wani abu da ni da ita muka sani. Shekarun da mijinta ya rasu ya bar mata bakuna huɗu, takan tsinci guntayen sabulun da baƙi suka yi wanka suka bari, waɗanda ke zuwa manne a cikin jiƙaƙƙen tawul. Shara ce, kwandon shara za su. Sai ta kai gida ta jiƙa, ta cura su wuri ɗaya, ja da kore da ruwan hoda, ta yi wa yara wanka da su. Da babban ɗanta ya fara aiki ta daina, zancen ya mutu.

To, cikin yaran nan huɗu akwai ƙaraminsu, Auta. Yaron nan ya yi karatu har jami'a da guminta, ya dawo ya ce shi mawaƙi ne, irin masu rubutawa a takarda su karanta a taro. Waƙoƙinsa na farko duk "ya uwa mai haƙuri, ya uwa mai juriya" ne, babu wanda ya ko ɗaga kai. Rannan ya zo mana da sabon karatu, ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana ta kaɗa hannu.

"Malaminmu ya ce kada ka ce talauci, nuna shi za ka yi. Ka ba mutum abin da zai gani da ido, ya shaƙa da hanci, ya ji a fatarsa. Hoto ake so, Umma, hoto a cikin zuciya!"

Na ce, "To sannu, mai hoto. Ka ci abinci kuwa?"

Daga ranar ya sa mata ido. Tana shafa man zafi a gwiwa, yana kallo. Tana tauna da gefe ɗaya saboda haƙorin da ya fita, yana kallo. Na taɓa kama shi yana shinshinar ɗankwalinta. Na ce, "Kai, lafiyarka ƙalau? Uwarka ce fa, ba kayan kasuwa ba." Ya ce, "Inna, ba za ki gane ba." Ita kuwa baiwar Allah sai murna take, wai ɗanta ya fara kula da ita.

Ana nan sai waƙarsa ta ci gasa. Ƙungiyar marubutan da ta shirya gasar ta kama babban zauren taro na otal ɗinmu, a hawa na sama, don ba da kyauta da yamma. Yaya ta fito da kayanta na fita kunya, ta goge su da hannunta har suna sheƙi. Auta ya gani ya girgiza kai.

"A'a, Umma. Da rigar aikinki za ki hau, yadda kike ɗin nan. Zai fi shiga ran mutane."

Na ce mata kada ta yarda. Ta ce, "Ranarsa ce, bar shi." Haka ta hau da shuɗiyar rigar aiki mai tabon bilic da silifas ɗin roba, ni ina biye da ita raina a ɓace. Manajan otal yana sahun gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Auta ya hau mumbari ya gyara murya. Ban riƙe duka ba, amma wannan wurin ba zai taɓa fita daga kaina ba:

"Uwata kan dawo da bakan gizo a ƙasan jakarta,
guntun ja, guntun kore, da gashin baƙo a manne,
ta cura su da yatsun da babu zane,
ta wanke mu da ragowar dauɗar masu hali."

Zauren ya kaure da tafi. Wata mai tabarau har da share hawaye. Aka kira Yaya gaba, Auta ya kama hannuwanta ya ɗaga su sama, ya juya tafin don masu ɗaukar hoto su samu da kyau. Wani ya ce, "Kai, sai ka ce kana jin ƙamshin sabulun!" Manaja ma ya tafa, na gan shi da idona. Yaya tana ta murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a gaban surukai.

Da muka zo fita ta ƙofar baya, mai gadi ya ƙi haɗa ido da ita. Ya ce, "Iya, a yi haƙuri, an ce in duba." Ya juye jakar a kan tebur, a gaban 'yan matan da ita ta koya wa riƙon dutsen guga. Man zafi ne, da ɗankwali, da tsohon tabaraunta mai ɗaurin zare. Ɗaya daga cikinsu ta ƙunshe dariya ta ce, "Ina bakan gizon?" Da ba don an riƙe ni ba, da na kwaɗa mata mari.

Washegari da safe manaja ya kira ta ofis. Bai ko ce ta zauna ba. Da ya tayar da zancen sabulun, ta ce masa shara ce, kuma an yi shekaru da yawa. Ya ce, "Ɗanki da bakinsa ya faɗa, a gaban manyan baƙi. In na ƙyale ki, gobe kowa ya kwashi abin da ya ga dama ya ce shara ce. Kawo makullin." Ta ciro igiyar daga wuyanta ta ajiye masa a kan tebur. Ta sauko ta ninke sauran zanen da ke gabanta, sannan ta tafi gida.

Da na tashi daga aiki na je na same ta zaune a bakin gado, hannuwa a kan cinya, ba ta san abin da za ta yi da su ba. Auta ya shigo da kyautarsa a hammata. Na zazzage masa duk abin da ke bakina, na ce ya sayar da mutuncin uwarsa da tafi. Ya ce shi gaskiya ya faɗa, kuma waƙa ba ta da laifi. Yaya ta ce, "Ki bar shi haka, yaro ne."

Tana faɗa ta kai hannu wuyanta, tana laluben igiyar da babu. Ta tsaya, ta sauke hannun a hankali. Na dubi Auta ko zai ji kunya, sai na ga idonsa ya kawo haske, ya matso kusa da ita ya durƙusa.

"Umma, sake yi."

"In sake me?"

"Yadda kika kai hannu wuya kina neman makullin. Ban gani da kyau ba."

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta ɗaga hannun, ta sake yi masa.