Dariyar Yaay Dior a Gilashin Birahim

Birahim Ndoy bai taɓa zana namiji ba. Tun da mahaifinsa ya koya masa zane a bayan gilashi, can a garin Rufisque, yake cewa fuskar maza asarar fenti ce. Unguzomar da ta karɓi haihuwar rabin gari, malamar da ta buɗe wa 'yan mata aji, tsohuwar da ta hana a sayar da filin rijiya, duk suna rataye a shagonsa, baƙaƙe wuluk yadda Allah ya yi su.

Aikin ta baya ake yin sa. Ido da baki ake fara sawa, launin fata ya bi ya rufe su, sannan bango. Abin da aka fara sawa ya zauna ke nan, sai dai a fasa gilashin.

Wata shekara ƙungiyar mata masu bandar kifi ta nemi ya zana shugabarsu, Yaay Dior, a rataye a zaurensu na bakin teku. Ita ce matar da masunta ke gyara tsayuwa in an ambace ta, don ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta a wajen ciniki. Birahim ya san in ta ƙi hoton, ba macen da za ta sake taka shagonsa.

Ta zo ta zauna kamar alƙali. Yana cikin zayyana sai ragon maƙwabta ya kutso, ya cafke hularsa da ke kan benci. Birahim ya bi shi da gudu, da furfurarsa da komai, ya dawo da rabin hula. Ya tarar da Yaay Dior tana dariya har da hawaye, ga wushirya, ga haƙora farare tas. Nan take ta gimtse, amma ya riga ya gani. Ya yi niyyar zana alƙalin. Hannunsa ne ya ƙi.

Ranar karɓar hoton, sai ta zo da mataimakanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye shi wace ce wannan mai washe baki.

"Ke ce, Yaay."

"To rufe mata baki."

Ya yi mata bayanin cewa bakin ne a ƙasan komai, ba hanyar kai gare shi. Ta ce ai in masunta suka ga wannan, gobe da murmushi za su tsuga mata tsadar kifi. Ta kira shi tsohon banza mai tsere da rago.  Sai dai Birahim ya lura ba ta ajiye gilashin ba, har tana goge gefensa da bakin gyalenta.

Ta juya shi. Bayan gilashin duk fenti ne baƙi, ba ido ba baki.

"Wannan fuskar ta masunta ce," in ji ta.

Haka aka rataye shi. In mata ne kaɗai a zaure, Yaay Dior na dariya a bango. Da an hango masunta, sai wata ta tashi ta juya ta. Su kuwa har yau roƙon Birahim suke ya faɗa musu abin da ke ɗaya gefen. Yakan ce su tambaye ta da kansu.