Ranar da Zanen Lallena Ya Hau Bango

Assalamu alaikum. Na san na daɗe da ɓacewa. Masu aiko saƙo suna tambaya, "Hajara, kin daina zanen lalle ne?" ku yafe ni. Jinya na yi. Sai yau na ji zan iya ba da labari.

Mutanenmu na unguwar Hajj Yusuf sun san yadda bukukuwa suke bayan Babbar Sallah. Amarya a Umdurman, amarya a Alsahafa, ga ƙawaye kowacce ta miƙo hannu. Sai gab da asuba nake komawa gida, in kishingiɗa da waya ina amsa masu neman rana. Abin da ke riƙe da ni jabana ce, gahawa mai citta, finjali bayan finjali.

Abin ya fara da safiya. Hannuna yakan zabura shi kaɗai, shayi ya zube. Na ce gajiya ce.

Daga nan duniya ta fara yi mini laushi. Ina cikin raksha, keken nan mai ƙafa uku, kusa da gada, sai in ga kogin Nilu ya tsaya cak, kwalekwale kamar an rataye shi a iska. Muryoyi na zuwa daga nesa, kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Ba barci nake ba, ba kuma a farke nake ba.

Ranar da na faɗi, ina gidan biki a Umdurman, ƙafar amarya a kan cinyata, turaren wuta ya cika ɗaki. Ina kallo furannin da na zana suka fara buɗewa. Ganyen ya sauka kan tabarma, ya kama bango, yana hawa a hankali. Na ce a raina, ashe haka suke da kyau.

Sai na buɗe ido a asibiti, harshena a cije, kakata da muke kira Haboba tana riƙe da hannuna.

An ɗebi jini. An saka ni cikin na'urar hoton kai. An manna mini wayoyi a fatar kai aka ce in rufe ido. Abin da na tara a kakar bikin duk can ya tafi, yayana Bashir ya cika sauran.

Likita ta dube ni ta ce, "Ya bitti, 'yata, yaushe rabonki da barcin kirki?"

Na kasa tunawa.

Ta ce farfaɗiya ce, irin wadda takan kwanta a jiki shiru sai rashin barci ya tashe ta. "Ƙwayar nan rabin magani ce. Ɗaya rabin yana kan matashinki."

Kalmar ta fi ciwon tsorata ni. Wace uwa za ta ba mai farfaɗiya hannun 'yarta? Maƙwabta har sun fara cewa aljanu ne ke bin masu lalle. Haboba ta ce, "Addu'a za mu yi, magani kuma za ki sha. Bakin mutane ba ya kwana da ke."

Ta fitar da gadajen igiya tsakar gida. Makonnin farko idona ƙyam. Sai ta riƙa ba ni labarin Jazira inda ta girma, yadda suke tsinkar auduga suna yara, su kwanta tare da kaji. Wata rana ban ji ƙarshen labarin ba. Na yi mafarkin gona fara fat ba iyaka, ina tafiya a ciki ba takalmi. Ladan ne ya tashe ni, jikina sakayau.

Hannuna ya daina zabura.

Da wata uwar amarya ta kira, na daure na ce, "Hajiya, ina da farfaɗiya, kuma ba na aikin dare."

Na ɗauka za ta kashe wayar.

Sai ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, 'yata. To ki zo mana da hantsi."

Na ajiye wayar na yi kuka.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitata, da Bashir, da ku da kuka yi ta cigiyata.

'Yan'uwana masu lalle, masu ɗinki, masu tuƙi: ku tsayar da lokacin kwanciya ku riƙe shi. Gahawa ta tsaya daga la'asar. In jiki ya fara zabura ko ido ya fara ganin abin da babu, ku je asibiti. Wanda aka ba magani kada ya yanke don ya ji sauƙi.

An kira isha'i. Ga Haboba ta miƙo hannu, wayar take jira. A bakin mayafinta take ƙulle ta har gari ya waye.