Littafin da Gara ta Ci

Mahaifina ne katikis, wato mai koyar da addini, na ɗan cocinmu na Katolika a Gumel. Fada, limaminmu, sai wata-wata yake leƙo mu, don haka ran Lahadi Baba ke karanta mana tarihin waliyyai daga wani tsohon littafi, kowane waliyyi da shafinsa. Gara ta cinye ƙasan shafukan tun ina yarinya, amma Baba ya haddace ƙarshen kowane labari.

Da ya rasu littafin ya dawo hannuna. Mu huɗu muka rage a cocin, sauran duk sun watse neman abinci. Wata Lahadi na karanta labarin waliyyiyar da ta yi shekara da shekaru tana kuka, tana roƙon Allah ya dawo mata da ɗanta. Shafin ya ƙare tana durƙushe.

Wata tsohuwa, wadda ɗanta ya tsallaka Nijar ta Maigatari damina shida ba labari, ta ce, "'Yata, to ya dawo?"

Ya dawo, na sha ji a bakin Baba. Amma na dubi carbin da ya suɗe a hannunta, na kasa yi mata wannan alkawari.

Na ce, "Iya, gara ta cinye wurin."