Ranar Da Na Zaɓa Wa Legas Watan Tafiya

Har yau ban manta da ranar da Darakta ya kira ni ya ce in tsayar da watan tafiya ba. Lokacin ina jami'in sufuri mai mataki na takwas, wato ni ke tsara mota da direba da ranar tashi. A shekarar ne kuma sunana ya shiga jerin masu jiran ƙarin girma.

Ma'aikata goma sha biyu za su je bakin teku a Legas, su duba wasu ƙauyukan masunta da sai da kwale-kwale ake isa. Ya ce, “Malam Sule, Yuni ko Agusta? Ba na son ruwa ya ɓata mana aiki.”

Na ce, “Yallaɓai, ai Agusta marka ce. Ƙarshen Yuni ya fi.” Haka na sani tun ina yaro, haka kuma nake gani a unguwarmu Dutse Alhaji, nan Abuja, kowace damina.

Ƙa'ida ita ce in rubuta takarda, a buga, Darakta ya sa hannu. Mai buga mana takardu, Mama Tope, 'yar Legas ce, daga Kubwa take zuwa kullum. Ta karanta, ta cire tabarau.

“Oga Sule, Yuni? A garinmu Agusta ne ruwa yake hutawa. Yuni kam ko kaza ba ya fita.”

Na ce, “Mama, ruwa ba ma'aikacin gwamnati ba ne da zai ɗauki hutu. Ki buga.”

Ta ce, “To, ka saya lema babba.” Ta buga.

Muka tashi Litinin, muka kwana a hanya. Daga Talata ruwa ya sauko. Ba irin namu ba ne mai zuwa da iska ya wuce. Wannan zuba yake a hankali, safe da yamma. Laraba masu kwale-kwale suka ƙi fita, suka ce teku ya yi fushi. Alhamis ma haka. Rigunan da muka wanke suka ƙi bushewa, takalma suka yi fumfuna. Juma'a motar ta kafe cikin ruwa har gwiwa. Muka dawo Abuja ba mu taka ƙauye ko ɗaya ba.

Aka ba ni takardar tuhuma. Na amsa cikin layi uku: ni na zaɓi watan, an gargaɗe ni, ban ji ba. Aka cire sunana daga jerin, na ƙara shekara biyu a mataki na takwas.

Ku da kuke tasowa, ga abin da na ɗauka. Damina ba ɗaya ba ce a ƙasar nan, kowane gari da tasa. Kafin ka rubuta ranar tafiya, ka fara neman ɗan garin a cikin ofis, ko shara yake yi, ka zauna ka saurare shi. Bayan nan sai ka ɗauki biro.