Alkamar Baba Mai Jan Zare

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ilu, tsohon malamin gona da ya ƙare rayuwarsa a Tarauni yana faɗa da darɓa, 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan da ke tsotse ganyen alkama har ya yi yaushi.

Faɗan nasa ba na feshi ba ne. A fegin bayan gidanmu yakan bar darɓa ta ci son ranta, maƙwabta suna dariya. Duk tushen da ta ƙi taɓawa sai ya ɗaura masa jan zare, ya yi masa barbara da mai kyan zangarniya, ya adana irin. Yakan ce, "Abin a jini yake, uwa ce za ta ba 'ya'yanta." Ya fi shekara goma a haka kafin ya tara rabin buhu.

Rabin buhun nan mu muka cinye shi. Ranar sadakar uku ƙannen Inna suka ga alkama a ɗakinsa, suka kai niƙa, aka yi gurasa aka raba wa masu gaisuwa. Ni ma na ci, har na yaba. Sai da aka watse na gane, kuma har yau abin yana ci mini rai. Irin da ke cikin gwangwanin madara ɗaya ne kaɗai ya tsira, cikin aljihun tsohuwar rigarsa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban san noma ba, amma na san iri yana mutuwa in ya daɗe a ajiye. Fegin ya zama shaguna, don haka duk sanyi a bokitai nake shukawa a gidan hayarmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Da Baba zai ga yadda manoma ke yi wa shagunan maganin feshi tsinke a Unguwa Uku, na san tsaki zai ja, sannan ya tambaye ni ko na yi ban-ruwa.

Bara na ba Haladu, mai adaidaita sahun da ke kai ni aiki, mudu guda ya kai gonarsu a Kura. Darɓa ta sauka a can, ya ce alkamar Baba ce kaɗai ta tsaya kore shar.

Baba bai bar littafi ba, irin ma ko suna ba shi da shi. Bana mudu uku zan ba Haladu, da ƙullin jan zare, kuma na gargaɗe shi: ko ni ce na rasu, kada a kai niƙa.